Shekarar Annoba Uku: Yadda Aka Rarrabe Bakteriya da Bairus

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kano da Jigawa kafin 1996 zai iya tuna bazarar wannan shekara. Jihar Jigawa ba ta cika shekara biyar da kafuwa ba lokacin da sanƙarau ya ɓarke a arewacin Nijeriya. Kafin saukar damina ya kama mutum fiye da 100,000, ya yi ajalin fiye da 11,000, akasarinsu yara da matasa. Bai zo shi kaɗai ba, domin ƙyanda da kwalara sun shigo tare da shi. A Asibitin Zana da ke Kano, inda ake kwantar da masu cututtuka masu yaɗuwa, gadaje suka ƙare, aka koma shimfiɗa marasa lafiya a ƙasa.

A idon uwa, annobar duk ɗaya ce: yaro yana wasa jiya, yau ya kwanta, gobe ana fargaba. A wajen ma'aikatan lafiya kuwa, aiki uku ne daban-daban. Mai sanƙarau allurar kashe ƙwayar cuta yake bukata cikin gaggawa. Mai kwalara ruwa yake bukata kafin komai. Mai ƙyanda kuma babu allurar da za ta kashe abin da ke jikinsa, sai kulawa da sinadarin bitamin A da sa ido. Dalilin wannan bambanci shi ne sanƙarau da kwalara bakteriya ce ke kawo su, ƙyanda kuwa bairus ne. Kalma ɗaya muke amfani da ita a Hausa, wato ƙwayar cuta, amma halittu biyu ne waɗanda ba su haɗa komai ba sai ƙanƙanta. Ɗan Adam ya shafe fiye da shekara ɗari biyu kafin ya rarrabe su, kuma tarihin wannan rarrabewa ya shafi abin da muke saya a kemis yau.

Kafin a ga ƙwayar cuta

Kakanninmu ba su rasa lura ba. Sun san sanƙarau yana zuwa ne daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara, yana kuma lafawa da ruwan farko. Sun san wanda ya yi ƙyanda ko agana sau ɗaya ba ya sakewa. Sun san a nisanta mai agana daga jama'a. Abin da ya ɓuya musu shi ne sanadin, don haka suka danganta wasu cututtuka ga sanyi, wasu ga zafi, wasu ga iska. Sunan shan inna kansa shaida ne, domin an ɗauka wata aljana ce mai suna Inna take shanye ƙafar yaro. Turawan wancan zamani ma ba su fi mu ba a nan, su gurɓatacciyar iska da warin fadama suka daɗe suna zargi.

Wanda ya fara ganin bakteriya ba likita ba ne. Wani mai sayar da yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, wanda ya ƙware wajen goge gilasan ƙara girman abu. A 1676 ya ba da labarin wasu ƙananan halittu masu motsi a cikin ɗigon ruwa, a 1683 kuma ya gan su a cikin dattin haƙora. Sai dai gani daban, sanin aikinsu daban. An ɗauki kusan shekara ɗari biyu kafin Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus su tabbatar cewa waɗannan halittu suna iya kwantar da mutum. Daga nan sai gano su ya zo a jere. Gerhard Hansen ya ga ƙwayar kuturta a Norwe a 1873. Koch ya sanar da ƙwayar tarin fuka ranar 24 ga Maris, 1882, ranar da har yau ake tunawa da ita a matsayin ranar tarin fuka ta duniya, sannan ya bi sawun ƙwayar kwalara a Masar da Indiya a 1883 da 1884. A 1887 Anton Weichselbaum ya ware ƙwayar sanƙarau a birnin Biyana.

Bakteriya halitta ce cikakkiya duk da ƙanƙantarta. Tana da bangon da ya kewaye ta, tana ci, tana fitar da ƙazanta, tana rabuwa gida biyu da kanta, wasu nau'o'in ma cikin minti 20 idan sun sami abinci da ɗumi. Sai an jera kusan dubu kafin su cika milimita ɗaya. Akasarinsu ba su da illa. Su ne suke mayar da madara kindirmo, su ne suke nunar da daddawa, kuma akwai tarin su a hanjin kowane mai lafiya suna taya shi narka abinci. Kaɗan ne daga cikinsu ke kawo cuta, irin su taifot, tarin fuka, mashaƙo, kwalara da sanƙarau.

Abin da ya wuce ta cikin mataci

Nasarar su Koch ta sa masana suka ɗauka kowace cuta mai yaɗuwa tana da bakteriyarta, saura a nemo. Amma aka nemi ta agana da ta ƙyanda da ta haukan kare a ƙarƙashin madubin likita, ba a ga komai ba. Bakin zaren ya fito daga gonar taba. A 1884 Charles Chamberland, abokin aikin Pasteur, ya ƙera wani mataci na tangaran mai ƙananan ƙofofin da bakteriya ba ta iya ratsawa. A 1892 wani ɗan Rasha, Dmitri Ivanovsky, ya tace ruwan ganyen taba mai cuta da irin wannan mataci, ya shafa wa lafiyayyen ganye, sai ga shi ya kamu. A 1898 Martinus Beijerinck na Holan ya maimaita gwajin, ya kuma lura da abin da ya fi muhimmanci: wannan abu ba ya hayayyafa a cikin kwalba ko romon da ake kiwon bakteriya, sai a jikin tsiro mai rai. Ya kira shi da tsohuwar kalmar Latin mai ma'anar dafi, wadda ta zama bairus a bakinmu. A wannan shekarar dai Friedrich Loeffler da Paul Frosch suka nuna cewa irin wannan abu ne ke sa wa shanu ciwon baki da kofato. A 1901 tawagar Walter Reed a Kuba ta nuna haka game da zazzaɓin shawara, cutar ɗan Adam ta farko da aka tabbatar bairus ne sanadinta. Ido bai ga siffar bairus ba sai a ƙarshen shekarun 1930, bayan an ƙera madubi mai aiki da lantarki.

Bairus bai kai matsayin cikakkiyar halitta ba. Ɗan guntun saƙon gado ne a cikin kwanso, ba ya ci, ba ya girma, ba ya rabuwa da kansa. Yawancinsu sun gaza bakteriya girma sau goma zuwa sau ɗari. Idan ana son misali, bakteriya kamar ɓera ne da ya shigo rumbu: yana da jikinsa da cikinsa, ana iya ɗana masa tarko ko a sa masa guba. Bairus kuwa kamar takardar umarni ce ta jabu da aka jefa wa maƙeri, ya karanta, ya bar aikinsa ya shiga buga irinta har maƙerar ta rushe. Yakan kutsa cikin ƙwayar halittar jikin mutum, ya tilasta mata kwafarsa dubbai, su fito su kama na kusa. Abin da ya sa kashe shi yake da wuya ke nan, domin yana ɓoye ne a cikin abin da ake son ceta.

Marisuwa da kuskuren masana

Rikita waɗannan biyu ba laifin talaka ba ne kaɗai, manyan masana ma sun faɗa ciki. A 1892 Richard Pfeiffer, ɗalibin Koch, ya sami wata bakteriya a majinar masu mura mai tsanani, ya ce ita ce sanadin. Duniya ta yarda. A watan Satumba na 1918 babbar annobar murar nan ta sauka a Ikko ta jirgin ruwa, ta biyo layin dogo da hanyoyin fatake, cikin 'yan makonni ta iso ƙasar Hausa, inda aka san ta da suna marisuwa. Ta kashe ɗaruruwan dubbai a Nijeriya da miliyoyi masu yawa a duniya. A Turai da Amurka aka yi ta haɗa alluran rigakafi daga bakteriyar Pfeiffer, ba su tsayar da annobar ba. Sai a 1933 wasu masana uku a Landan, Smith da Andrewes da Laidlaw, suka ware bairus ɗin da ke kawo ta.

Amma Pfeiffer bai ga ƙarya ba, fassara ce ta kuɓuce masa. Bairus ne yake fara raunata hanyoyin numfashi, sai bakteriya ta sami ƙofa ta shiga huhu ta haddasa limoniya, kuma wannan ce ta kashe da yawa daga cikin mutanen 1918. Haka ƙyanda take yi wa yaranmu har gobe. Saboda haka idan likita ya rubuta wa mai ƙyanda maganin kashe bakteriya, ba ƙyandar yake nufi ba, baƙuwar da ta biyo bayanta yake kora, a huhu ko a kunne.

Makami biyu, abokan gaba biyu

A 1928 Alexander Fleming ya lura a Landan cewa wata fumfuna da ta faɗa cikin farantin gwajinsa ta kashe bakteriyar da ke kewaye da ita. Howard Florey da Ernst Chain suka mayar da wannan lura magani a Oxford a farkon shekarun 1940, shi ne fenisilin. Yadda yake aiki shi ne hana bakteriya gina bangonta, sai ta fashe. Danginsa da muke bayarwa yau, irin su amoxicillin da ceftriaxone, haka suke yi. Su tetracycline da chloramphenicol kuma injin da bakteriya ke ƙera sinadaran jikinta suke tsayarwa. Bairus ba shi da wannan bango, ba shi da wannan inji. Ko an sha kwali guda na kafso, maganin zai zagaya jini bai sami abin da zai kama ba.

Tarihin sanƙarau a ƙasarmu ya nuna amfanin wannan makami da iyakarsa. Likitocin mulkin mallaka sun rubuta ɓarkewarsa a arewacin Nijeriya tun 1905, ya sake dawowa da ƙarfi a farkon shekarun 1920 da kuma wajen 1949 zuwa 1950. Kafin magani, mafi yawan waɗanda ya kama ba sa tashi. Magungunan salfa da suka zo a ƙarshen shekarun 1930 suka rage mace-mace ƙwarai. A 1963 likitan sojan Faransa Léon Lapeyssonnie ya zana yankin da cutar ta fi addaba, zirin da a yau ake lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha, wanda Jigawa take a tsakiyarsa. Sai dai kafin ƙarshen shekarun 1960 ƙwayar ta fara bijire wa salfa, dole aka koma ga wasu magunguna. A shekarun 1970 Brian Greenwood da abokan aikinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun yi bincike mai zurfi a kan cutar da rigakafinta. A annobar 1996, allurar chloramphenicol mai mai, wadda sau ɗaya ko biyu ake yi, ita ce ta ceci dubban yara a ƙauyukan da ba su da gadon asibiti.

Cututtukan bairus kuwa ta wata hanya aka ci galabarsu, wato horar da garkuwar jiki tun kafin cutar ta zo. Edward Jenner ya fara rigakafin agana a Ingila a 1796, shekara ɗari kafin a san mene ne bairus. A 1967 aka ƙaddamar da gangamin kawar da agana da rage ƙyanda a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da bindigar allura mai aiki da ƙafa. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1977 na ƙarshe da ya kamu ta hanyar yaɗuwa a garin Marka na Somaliya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta ƙare. Ba a kashe agana da kafso ko guda ba. Dattijon da ke da tambarin wannan lamba a damtsensa yana ɗauke da shaidar yaƙin, jikokinsa kuwa ba su ma san zanzanar agana ba.

Rashin yarda ma yana da tarihi

A tsakiyar annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin wani sabon maganin kashe bakteriya mai suna Trovan a Asibitin Zana, a kan yara kusan 200 masu sanƙarau, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su ceftriaxone. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka shafe shekaru ana shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka sa jita-jita ta yi tasiri a 2003, lokacin da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohi. Ba a dawo da shi a Kano ba sai a Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Shan inna bairus ne. Da zarar ya taɓa jijiyar ƙafa, babu maganin da ke mayar da ita. Duk yaron da ya shanye a waɗannan shekaru, asarar ta har abada ce. Da sarakuna da malamai suka shiga gaba, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, aka dawo kan hanya. An ga masu nau'in daji na cutar na ƙarshe a Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da shi. Tambayar da iyaye suka yi game da abin da ake ba 'ya'yansu hakkinsu ce. Amsarta ita ce bayani da gaskiya daga ma'aikaci, domin ƙin rigakafi yaro ne yake biyan kuɗinsa.

Bai kamata a fahimci cewa rigakafi na bairus ne kaɗai ba. A Disambar 2011 Jigawa tana cikin jihohin farko da aka yi wa allurar MenAfriVac, kuma tun daga nan nau'in A na sanƙarau, wanda ya yi ɓarnar 1996, ya kusa ɓacewa. Da nau'in C ya taso, Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, a Maris na 2024, Jigawa kuma tana cikin inda aka fara. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 bakteriya ce, kuma yaran da ba su sami allurar Penta ba ya fi kamawa. Haka nan akwai magungunan da ke danne wasu bairus, kamar na ƙanjamau da na ciwon hanta, amma kowanne wasu bairus ƙalilan kawai yake dannewa, ba ya aiki a kan saura.

Abin da ya rage a hannunmu

Fleming da kansa ya yi gargaɗi a 1945 cewa shan fenisilin ba bisa ƙa'ida ba zai koya wa bakteriya jure masa. Yadda abin yake faruwa ba shi da sarƙaƙiya. Duk lokacin da aka sha maganin, yana kashe masu rauni daga cikin bakteriyar da ke jiki, har da masu amfani, ya bar masu taurin kai su hayayyafa su cika wurin. Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

A Taura da Ringim da kasuwar Gujungu, kamar sauran garuruwanmu, ana sayen ja da yalo ko Ampiclox ƙwaya biyu ko huɗu saboda mura, ko gudawar yaro, ko fitar haƙori. Mura bairus ce, takan tafi da kanta cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Yawancin gudawar ƙananan yara ma bairus ce, maganinta ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc da ci gaba da shayarwa. Idan mai mura ya warke bayan kafso, lokaci ne ya warkar da shi, kafson kuwa ya tafi ya horar da bakteriyar hanjinsa. Zazzaɓin cizon sauro shi kuma ba bakteriya ba ne, ba bairus ba ne, wata halitta ce ta uku mai nata gwaji da nata magani.

Kama da wane ba wane ba ne. Zazzaɓi da tari da ciwon kai suna zuwa da kowanne daga cikinsu, kuma launin majina ba ya rarrabewa. Sanƙarau kansa akwai na bairus, wanda yawanci ya fi sauƙi, kuma sai an ɗebi ruwan laka an gwada ake sanin wanne ne. Don haka aikin gida ba tantance ƙwayar cuta ba ne, sanin lokacin tafiya asibiti ne. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, farfaɗiya, yawan barci ko ruɗewa, kumburin maɗiga a jariri, numfashi da sauri ko faɗawar haƙarƙari, farin abu a maƙogwaro da kumburin wuya, gudawa kamar ruwan shinkafa, da duk zazzaɓin jaririn da bai kai wata uku ba, waɗannan ba a kwana da su a gida. Sanƙarau na bakteriya yana iya kisa cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira a makare kuma yana iya rasa jinsa.

Idan ma'aikacin lafiya ya rubuta maganin kashe bakteriya, a sha shi a kan lokaci har tsawon kwanakin da ya faɗa, kada a rage wa wani, kada a ajiye saura don gaba. Idan ya duba ya ce wannan bairus ne, a ba shi farasitamol da ruwa da hutu, ba rowa ya yi ba, kuma a tambaye shi alamomin da za su sa a dawo. A duba katin rigakafin yaro: Penta a mako 6 da 10 da 14, ƙyanda a wata 9 da wata 15. Kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda annoba ta ɗauke, Ya tsare mana zuriya.